CINIKIN CHAPMAN: WA YA CI RIBA TSAKANIN CUBS DA YANKEES?

Ran 25 ga watan Yuli, 2016, ƙungiyar wasan besbol ta Cubs, wadda ke birnin Shikago a ƙasar Amurka, ta ɗauki 'yan wasanta huɗu ta miƙa wa ƙungiyar Yankees ta birnin Niyok, ta karɓi mutum ɗaya tak a madadinsu. Mutumin nan kuwa shi ne Aroldis Chapman, ɗan asalin ƙasar Kuba, mai shekara 28 da haihuwa a lokacin. Abin da ya sa cinikin ya ba mutane mamaki shi ne, saura wata uku kacal kwantiraginsa ya ƙare, kuma aikinsa a fili bai cika wuce minti goma sha biyar ba a wasan da akan shafe awa uku ana yi. Daɗin daɗawa, a cikin mutum huɗun da aka bayar akwai wani yaro ɗan shekara 19, mai suna Gleyber Torres, wanda masana suka ce babu kamarsa a cikin dukan matasan da Cubs ke reno.

Bayan kwana 100 daidai da yin wannan ciniki, Cubs ta shiga wasan da ta ci kofin World Series, watau kofin zakarun besbol na Amurka, wanda rabonta da shi tun 1908. Bayan wata guda kuma Chapman ya tattara nasa ya nasa ya koma Yankees. Torres kuwa ya shekara bakwai yana yi wa Yankees wasa kafin ya bar ta a ƙarshen 2024. Da yake yanzu kowa ya kama gabansa, lissafin cinikin ya kammala, ana iya zama a duba shi a tsanake, a ga wanda ya ci riba, a kuma ga irin mudun da ya kamata a auna ciniki irin wannan da shi.

Yadda wasan yake

Da yake besbol baƙon wasa ne ga yawancin masu karatu, ya kamata a ɗan yi bayaninsa tukuna. Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum tara. Mai jifa na ƙungiya ɗaya yakan tsaya a tsakiyar fili ya wurga ƙwallo, mai duka na ɗaya ƙungiyar kuma ya yi ƙoƙarin maka mata kulki. In ya same ta, sai ya sheƙa a guje ya bi tashoshi huɗu da aka jera a kewaye. Duk wanda ya zagayo ya komo inda ya tashi, ƙungiyarsa ta sami ci ɗaya. In kuwa ya buga ƙwallon ta tsallake katangar fili, to, shi da duk abokansa da ke tsaye a tashoshi sun ci ke nan gaba ɗaya. Aikin mai jifa da abokansa masu tsaron fili shi ne su fitar da masu duka uku, sa'an nan a yi musanya, su kuma su karɓi kulki. In kowane ɓangare ya yi nasa, an yi turmi ɗaya ke nan, in ji 'yan dambe. Turmi tara ake yi, in an yi kunnen doki a ƙara.

Jifa aiki ne mai cin kafaɗa da gwiwar hannu. Wanda ya fara wasa yakan yi turmi biyar ko shida, ya wurga ƙwallo wajen ɗari, sa'an nan ya sauka, kuma ba zai sake jifa ba sai ya huta kwana huɗu. Daga nan sai a kira waɗanda za su kawo masa ɗauki, watau majefan ɗauki. Gwaninsu shi ake ajiyewa sai turmi na tara, sa'ad da ƙungiya ke gaba da 'yar rata kaɗan, ya zo ya rufe wasa. Wannan shi ne aikin Chapman, kuma a zamaninsa babu mai wurga ƙwallo da ƙarfi kamarsa. A watan Satumba, 2010, an auna gudun jifarsa ya zarce mil 105 a cikin awa ɗaya, abin da ba a taɓa aunawa ba kafin nan.

Sha'anin cinikin 'yan wasa kuma ya bambanta da na ƙwallon ƙafa, inda ake sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi. A besbol galibi ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda ake yi, a ba da mutum a karɓi mutum. Bisa doka, ɗan wasa ba ya samun 'yancin zaɓar ƙungiyar da yake so sai ya cika shekara shida a babbar gasa, kuma a shekarun farko albashinsa ƙarami ne ƙwarai. Saboda haka yaro mai hazaƙa dukiya ce babba a hannun ƙungiya: shekara shida na ƙuruciyarsa a kan kuɗi kaɗan.

Lissafin da ya saɓa wa cinikin

In aka bi alƙalami kawai, majefin ɗauki bai kai a ba da irin wannan dukiya a kansa ba. Kowace ƙungiya tana yin wasa 162 a kaka ɗaya, watau turmi wajen 1,450. A cikinsu mai rufe wasa ba ya jefa fiye da 60 ko 70, abin da bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Shi kuwa Chapman, da yake rabin kaka ya wuce, turmi 26 da 'yan kai kawai ya jefa wa Cubs kafin kakar ta ƙare. Ya yi aikinsa sarai: ya fitar da masu duka 46 ba su taɓa ƙwallon kirki ba, ya rufe wasa 16, kuma in aka daidaita cin da aka yi masa a kan turmi tara, bai wuce 1.01 ba. Amma Cubs ba ta bukatar wannan domin ta tsallake. Ta gama kakar da nasara 103, ta ba ƙungiyar Cardinals da ke bi mata ratar wasa 17 da rabi. Ko da ba Chapman da ta zo ta ɗaya a rukuninta.

Ashe ke nan domin watan Oktoba aka sayo shi, lokacin wasannin fid da gwani. A nan ne lissafi ke sakewa. Ana samun ranakun hutu a tsakanin wasanni, saboda haka ana iya sa gwani ya yi jifa kusan kullum, ya kuma yi turmi biyu maimakon ɗaya. Wasannin kuma sukan yi zafi, ci ɗaya ya raba gardama. Wanda ke ɗaukar kashi 5 cikin 100 na aiki a sauran watanni yana iya ɗaukar ninki biyu na haka a Oktoba, kuma a daidai wuraren da wasa ke karyewa.

Duk da haka, kada mai karatu ya ɗauka mutum ɗaya na iya tabbatar da kofi. A wancan lokaci sai ƙungiya irin Cubs ta tsallake mataki uku kafin ta ɗauka. Alal misali, a ce tana da rinjayen kashi 60 cikin 100 a kowane mataki, to, damarta ta tsallake duka ukun ba ta wuce kashi 22 ba. In sabon ɗan wasa ya ɗaga rinjayen zuwa kashi 62, damar ta koma kashi 24. Irin wannan ɗan ƙarin ne Cubs ta saya da shekara shida na rayuwar Torres. Duk mai son ya kare cinikin, tilas ya fara yarda da wannan.

Halin da Cubs take ciki

Abu uku suka sa shugaban sha'anin wasa na Cubs, Theo Epstein, ya sallama. Na farko, ƙungiyar ta kai ganiyarta. A 2015 ta kai matakin kusa da ƙarshe, ƙungiyar Mets ta kore ta da ci huɗu ba ko ɗaya. A 2016 kuwa babu wadda ta kai ta ƙarfi a ƙasar, a wajen duka da wajen masu fara jifa da tsaron fili. Inda take da ɗan rauni shi ne wajen majefan ɗauki. Mai rufe mata wasa, Héctor Rondón, ba laifi gare shi ba, amma bayansa babu isassun mutanen da za a dogara gare su, musamman mai jifa da hannun hagu. Chapman kuwa bahago ne.

Na biyu, Torres ya fi daraja a hannun wasu bisa ga hannun Cubs. Ɗan ƙasar Benezuwela ne, an ɗauko shi a 2013 a kan dala miliyan 1.7, kuma a 2016 yana can ƙasa a gasar matasa, da sauran shekara biyu kafin ya nuna. Wuraren da yake tsarewa a fili kuma akwai masu su: Addison Russell mai shekara 22, da Javier Báez mai 23, da Kris Bryant mai 24. Ƙungiyar da rumbunta ya cika da gero, in ta ba da gero ta karɓi gishiri, asararta ba ta kai yadda na waje ke gani ba.

Na uku, darajar kofin kanta. Yankees ta ci shi sau 27, na 28 ƙari ne kawai a kan tari. Cubs kuwa ta shekara 108 ba ta gan shi ba, ko wasan ƙarshe ba ta kai ba tun 1945. An haifi magoya bayanta, sun tsufa, sun mutu, ba su ga ranar ba. Epstein ya san nauyin irin wannan jira, domin shi ne ya shirya ƙungiyar Red Sox ta Boston da ta ci kofi a 2004 bayan shekara 86. Da 'yan jarida suka tambaye shi dalilin cinikin, sai ya mayar musu da tambaya, cewa in ba yanzu ba, sai yaushe?

Wayon Yankees da abin da ke ƙarƙashinsa

A ɓangaren Yankees kuwa, babban manajanta Brian Cashman ya yi abin da kowane ɗan kasuwa ke mafarki. A ƙarshen watan Disamba, 2015, ya karɓo Chapman daga ƙungiyar Reds ta Cincinnati a kan matasa huɗu waɗanda babu wanda ya yi suna a cikinsu daga baya. Bayan wata bakwai, da ya ga ƙungiyarsa na tangal-tangal a tsakiyar tebur, ya sayar da shi da tsada. Da kaka ta ƙare Chapman ya sami 'yancinsa, sai ya sake ɗaukarsa a watan Disamba, 2016, da kwantiragin shekara biyar a kan dala miliyan 86, kuɗin da ba a taɓa ba majefin ɗauki ba kafin lokacin. Watau ya ba da aron mutum na wata uku, aka biya shi da Torres, kayansa kuma suka komo gida.

Amma akwai dalilin da ya sa Chapman ya yi araha a 2015, kuma ba abin alfahari ba ne. A watan Oktoba na shekarar an kira 'yan sanda gidansa a Jihar Florida, bisa zargin ya shaƙe budurwarsa, ya kuma harba bindiga sau takwas a cikin garejinsa. Masu gabatar da ƙara ba su kai shi kotu ba, shi kuma ya musanta cewa ya ji mata ciwo, ko da yake ya nemi gafara a kan batun bindigar. Ƙungiyar Dodgers ta Los Angeles, wadda ta kusa kammala cinikinsa, ta janye da labarin ya fito. Hukumar wasan ta dakatar da shi wasa 30 a farkon kakar 2016, shi ne kuma ɗan wasa na farko da aka hukunta a ƙarƙashin sabuwar dokarta ta hana cin zarafin iyali.

Saboda haka ribar da Yankees ta ci ta samo asali ne daga wannan al'amari: ta saya lokacin da wasu suka ƙyamaci kayan, ta sayar bayan ƙura ta lafa. Ita ma Cubs ba ta tsira daga zargi ba. Shugaban masu ƙungiyar, Tom Ricketts, ya yi magana da Chapman kafin a sa hannu, amma magoya baya da yawa, musamman mata, sun nuna ɓacin ransu a fili. Wasunsu suka ɗauki alkawarin duk ranar da ya rufe wasa za su ba da gudummawa ga ƙungiyoyin taimakon matan da aka ci zarafinsu. Wannan farashi ne da ba ya shiga littafin akanta, amma ƙungiyoyin biyu duk sun san da shi, kuma duk suka zaɓi su biya.

Abin da ya faru a Oktoba

Sa'a ta fara nuna hannunta tun a watan Agusta, sa'ad da Rondón da mataimakinsa Pedro Strop suka ji rauni, suka komo ba da ƙarfinsu na da ba. Nauyi duka ya koma kan Chapman. A cikin wasa 17 da Cubs ta yi na fid da gwani, ya fito a 13, ya jefa turmi 15 da kashi biyu cikin uku. Ya rufe wasa uku a karawarsu da Giants ta San Francisco, amma sau uku a cikin wasannin ratar da aka danƙa masa ta zube a hannunsa.

A wasan ƙarshe Cubs ta haɗu da ƙungiyar Cleveland, wadda ita ma rabonta da kofi tun 1948, kuma ita ma ta sayo nata majefin ɗaukin, Andrew Miller, daga wurin Yankees ɗin nan ran 31 ga Yuli, a kan matasa huɗu. Wanda ya fara cin wasa huɗu shi ke da kofi, Cleveland kuwa ta ci uku, Cubs na da ɗaya. A wasa na biyar, ran 30 ga Oktoba, Cubs na gaba da ci 3 da 2, mai horar da 'yan wasanta Joe Maddon ya kira Chapman tun a turmi na bakwai. Ya wurga ƙwallo 42, ya fitar da mutum takwas, ba a ƙara ci ba. In akwai ranar da kuɗin Cubs ya fito, to, wannan daren ne, domin da an sha kashi ran nan, magana ta ƙare.

A wasa na shida Maddon ya sake kiransa alhali Cubs na gaba da ci 7 da 2, ya wurga ƙwallo 20 a wasan da kusan an riga an ci. Masu sharhi da yawa sun ga wautar haka, shi kansa Chapman daga baya ya faɗa a fili cewa bai ga dalilin sa shi a wannan wasa ba. Kashegari, ran 2 ga Nuwamba, aka yi wasa na bakwai a Cleveland. Ya shigo a turmi na takwas, Cubs na gaba da ci 6 da 3, hannunsa a gajiye. Brandon Guyer ya buga aka rage ɗaya, sa'an nan Rajai Davis ya maka ƙwallo ta tsallake katanga, wasa ya koma 6 da 6. Ya daure ya tsare turmi na tara. Ruwan sama ya tsai da wasa na minti 17, aka ga Chapman yana hawaye a ɗakin 'yan wasa. Da aka komo, Ben Zobrist da Miguel Montero suka ci wa Cubs biyu a turmi na goma, wasa ya tashi 8 da 7.

A nan ne wuyar hukunci take. Mutumin da ya ceci ƙungiyar ranar Lahadi shi ne ya kusa kashe ta ranar Laraba. Da Cleveland ce ta yi sa'a a turmi na goma, da har yau ana kiran cinikin nan wauta mafi girma a tarihin Cubs, alhali kuwa ciniki ɗaya ne, mutane ɗaya, dalilai ɗaya. Miller ma, wanda aka zaɓa gwanin matakin kusa da ƙarshe, an yi masa ci biyu a wannan dare, ƙungiyarsa ta tashi hannu banza, amma ba wanda zai ce Cleveland ta yi kuskuren sayensa. Mudun da bugu ɗaya zai iya kifar da shi bai isa a auna shawarar shugaba da shi ba.

Darasi daga Boston

Tarihin Red Sox ya ba da misali biyu da ke ƙara haske. A ƙarshen watan Agusta, 1990, tana neman kofin da rabonta da shi tun 1918, ta ba ƙungiyar Astros ta Houston wani yaro ɗan shekara 22, Jeff Bagwell, ta karɓi majefin ɗauki Larry Andersen mai shekara 37. Andersen bai yi kasala ba. A turmi 22 cin da aka yi masa bai wuce 1.23 ba a kan turmi tara, Boston ta zo ta ɗaya a rukuninta da ratar wasa biyu. Sai dai nasararta 88 ce a kakar, ta je ta gamu da Oakland mai nasara 103, aka kore ta da ci huɗu ba ko ɗaya. Andersen ya wuce San Diego. Bagwell kuwa ya shekara 15 a Houston, ya buga ƙwallo 449 ta tsallake katanga, aka zaɓe shi gwanin gasarsa a 1994, aka kuma shigar da sunansa zauren tunawa da manyan gwanayen wasan a 2017.

Dalilan Boston sun yi kama da na Cubs: dogon jira, da yaron da wurinsa ke da mai shi, domin Wade Boggs na nan a lokacin. Bambancin shi ne, Boston ta 1990 ba ita ce mafi ƙarfi ba, kuma giɓinta ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ta biya kuɗin jan ƙarshe alhali ginin bai kai linta ba.

Misali na biyu na Epstein ne da kansa. A watan Yuli, 2007, ya ba ƙungiyar Rangers ta Texas mutum uku ya karɓo Éric Gagné. Gagné ya lalace, a wasa 20 cin da aka yi masa ya kai 6.75 a kan turmi tara, har aka daina sa shi a wurin da wasa ke da zafi. Amma Boston ta ci kofi a shekarar. Ga ciniki mara amfani da kofi ya rufa wa asiri, ga kuma na Andersen, wanda ya yi aikinsa amma aka tashi da nadama. Wannan ya nuna kofi shi kaɗai ba shaida ba ne.

Abin da Torres ya zama

Torres ya fara wasa a babbar gasa a watan Afrilu, 2018. Ya buga 24 sun tsallake katanga a shekarar, ya buga 38 a 2019 yana ɗan shekara 22, aka zaɓe shi cikin taurarin gasa a shekarun biyu. A lokacin mutanen Shikago sun fara cizon yatsa. Daga nan sai tauraronsa ya ɗan dushe: tara kawai ya buga a 2021, aka kuma sauya masa wurin tsaro saboda yawan kurakurai. Ya farfaɗo ya zama ɗan wasa nagari abin dogara, ya tara 138 a shekara bakwai, amma bai zama Bagwell ba. A ƙarshen 2024 ya koma Tigers ta Detroit a kan dala miliyan 15 na shekara ɗaya.

Sauran ukun ba su ɗaga lissafin da yawa ba. Adam Warren ya yi aikin ɗauki mai kyau na shekara biyu. Billy McKinney an ba da shi ga Toronto a 2018. Rashad Crawford bai taɓa kaiwa babbar gasa ba. Haka abin yake ga yawancin matasa, kuma mai saye da mai sayarwa duk sun san haka tun ranar ciniki.

Da Torres da Chapman duk a hannunta, Yankees ba ta ci kofi ba. Houston ta kore ta a matakin kusa da ƙarshe a 2017 da 2019 da 2022, kuma a 2019 a hannun Chapman José Altuve ya buga ƙwallon da ta kashe wasan. A 2024, bayan tafiyar Chapman, ta kai wasan ƙarshe, Dodgers ta cinye ta huɗu da ɗaya.

Ita ma Cubs ta ci gaba da biyan bashi. Kayan aro ba ya rufe katara: da Chapman ya tafi, tilas ta ba da Jorge Soler ga Royals ta Kansas City a watan Disamba, 2016, domin ta sami wani mai rufe wasa, Wade Davis, shi ma na shekara ɗaya. Soler ya buga 48 sun tsallake katanga a 2019. Rumbun matasan ya yi ta raguwa, ƙungiyar ba ta sake kai wasan ƙarshe ba, a watan Yuli na 2021 kuma aka sayar da Bryant da Báez da Anthony Rizzo, aka koma gini daga tushe.

Hukunci

In aka tara duka, a kasuwa Yankees ce ta ci riba, kuma riba mai kauri. Ba ta yi asarar kome ba sai wata uku na kakar da ba ta da rabo a cikinta. Cubs ta biya fiye da ƙima, kuma tana sane ta biya. Amma ba ta yi kuskure ba, domin a ran 25 ga Yuli, bisa ga abin da kowa ya sani a ranar, sharuɗɗan da ke halatta irin wannan tsada duk sun cika: ita ce mafi ƙarfi a ƙasar, giɓinta ɗaya ne kuma mutumin ya dace da shi, yaron da ta bayar tana da irinsa, kofin kuma ya fi mata daraja bisa ga kowace ƙungiya. Wannan hukunci da ba zai sake ba ko da ta sha kashi a turmi na goma.

Hatsarin yana ga masu koyi, waɗanda ke tuna kofin su manta da sharuɗɗan. Kowane watan Yuli akan sami ƙungiya irin Boston ta 1990 da ke ganin kanta Cubs ta 2016. Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, amma abin da mai sayen majefin ɗauki ke samu ɗan ƙari ne kawai a kan sa'arsa, kazar kuwa ta tafi ke nan.

Shi kuwa Chapman ya sake maimaita labarin. Ran 30 ga Yuni, 2023, Rangers ta Texas ta karɓo shi daga Kansas City, ta ba da wani matashi mai jifa, Cole Ragans, tare da wani yaro. Rangers ta ci kofinta na farko a tarihi a shekarar, Chapman ya wuce wata ƙungiya, Ragans kuma aka zaɓe shi cikin taurarin gasa a 2024. A Texas ma aka ɗauko gardamar daga inda mutanen Shikago suka ajiye ta.